Yadda Ake Walda A Ƙarfe Mai Ƙarfi Ba Tare Da Zafi Ya Lalata Shi Ba

Duk mai waldar da ya daɗe a Sakkwato ya san irin wannan aiki: tifa ko tirela ta shigo da tsagaggen shasi, an ɗinke, walda ta yi kyau har ana yabawa. Mota ta yi lodin siminti a Kalambaina, kafin ta je Illela ta dawo sau biyu wurin ya sake buɗewa. In ka duƙa ka duba, waldar tana nan daram. Gefenta tsagar ta bi, tazarar milimita 1 ko 2 daga bakinta. Wannan ɗan siririn gefen, da bai narke ba amma ya sha wuta, shi nake kira yankin zafi, kuma a kansa aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci.

Ƙarfen ƙofa da taga da kejin janareta yana da yafiya, ko yaya ka yi masa zai riƙe. Irinsa yakan fara miƙewa ne a wajen MPa 235 (MPa ma'aunin ƙarfin ƙarfe ne). Na shasin manyan motocin zamani yakan kai 500 zuwa 700, na hannun kiren kuwa daga 690 ne zuwa sama. Ba kauri ne ya ba su wannan ƙarfi ba, horon da aka yi musu da wuta da sanyi ne a masana'anta. Kai kuma ka zo da wutar walda mai zafin da ya haura digiri 5000, alhali ƙarfe a wajen 1500 yake narkewa. Ko ka sani ko ba ka sani ba, kana sake wa gefen aikinka horo ne. Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka riƙe linzamin wannan horo, da misalin shasi mai kaurin milimita 8, tare da abin da ke sauyawa in ƙarfen ya fi haka kauri.

Kayan da za ka tanada

Injin walda mai ba da wutar DC, ko inbata ko janaretan walda. Injin nan da ake naɗawa a gida AC yake bayarwa, kuma da yawansu ba sa iya riƙe wutar 7018, sai ta riƙa ɗaukewa tana mannewa. In shi kaɗai gare ka, nemi 7016 ko 7018 da aka rubuta AC a kwalinsa.

Elektirod. Nan ne akasarin ɓarnar ke farawa. Wanda ya cika kasuwa, 6013, na ƙofa da taga ne, ɓawonsa yana sakin haidurojin (wata iska ce da ke jawo tsaga) da yawa cikin walda, kada ka kai shi kusa da shasi. Wanda kake so shi ne mai ƙarancin haidurojin: 7018 don yawancin gyara, 11018 in ƙarfen ajin 690 ne kuma haɗin baki da baki ne da zai ɗauki nauyi gaba ɗaya. Lambobin farko ƙarfin waldar suke faɗa: 60 wajen MPa 430, 70 wajen 490, 110 wajen 760. Ka sayi geji 12, wato milimita 2.5, da geji 10, wato 3.2. Geji 8 sai a ƙarfe mai kauri sosai.

Giranda da faifan gurza da na yanka, injin huda, magagari, hamar ɓare ɓawo, burushin waya, alli, tef ɗin awo, kananzir. Bakin wutar gas don dumamawa. Abin auna zafi: ko ɗan bindigar nan da ake haskawa, ko allin zafi da ke narkewa a digirin da aka rubuta a jikinsa. Busasshen yashi ko toka bokiti guda, ko bargon wuta in akwai. Fallen kwano biyu don tare iska.

Na jikinka: garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 12, safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu ta auduga. Baƙin tabarau na kasuwa ba gilashin walda ba ne, kuma wanda ya taɓa kwana da ciwon idon walda ba sai an yi masa wa'azi ba.

Sai maganar ajiyar elektirod, don sayensa daban, riƙe shi daban. Ɓawon 7018 yana shan laima daga iska. Da zarar ka buɗe kwali, ƙa'idar ita ce a yi amfani da shi cikin awa 4, na 11018 ma cikin rabin awa, sauran kuma su zauna a tanda mai zafin digiri 120 zuwa 150. Wanda ya riga ya sha laima sai an gasa shi a digiri 300 zuwa 350 na awa 1 zuwa 2. Shanya shi a rana ba ta fitar da ruwan, ko da ranar Afrilu ce. Dabarar nan ta manna shi jikin ƙarfe har ya yi hayaƙi ma ɓata ɓawon kawai take yi. Tunda yawancinmu ba mu da irin wannan tanda, mafita ita ce ka sayi ƙaramin ƙunshi da yake a like, ka buɗe shi ranar aiki, abin da ya yi saura ka mayar da shi aikin da ba na nauyi ba. A watan Agusta ka ninka wannan taka-tsantsan. In kuma babu 7018 mai aminci sam, elektirod na ƙarfen da ba ya tsatsa, 309 ko 307, yana fitar da kai, domin waldarsa tana riƙe haidurojin a cikinta kuma tana da danƙo. Yana da tsada, kuma bai kai ƙarfin 690 ba, amma a bokitin katafila da makamantansa yana aiki sosai.

Abin da zafi ke yi wa ƙarfen, a taƙaice

Je Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, ka tsaya wurin mai ƙirar wuƙa. Zai gasa ta ta yi ja, ya tsoma a ruwa, ta fito da taurin da magagari ba ya ci, amma in ta faɗi kan dutse tana iya ɓallewa. Sai ya sake ɗan nuna mata wuta don ta samu danƙo. In kuwa ya bar ta a wuta ya wuce kima, ta koma laushi, aikin ya tashi a banza. Waɗannan abubuwa uku duk suna faruwa a gefen waldarka, cikin faɗin da bai kai farce ba.

Duk inda ya haura digiri 723, tsarin cikin ƙarfen ya sauya. In ya huce da sauri, sai ya zama matensait, mai tauri marar danƙo. Ba sai ka zuba ruwa ba: sanyin sauran ƙarfen da ke kewaye shi ne ke zuƙe zafin, kuma iya kaurinsa iya saurin zuƙarsa. In kuma zafin ya yi yawa ya daɗe, ƙwayoyin ƙarfen da ke daf da walda su yi girma su rasa danƙo, can gaba kaɗan kuma horon masana'anta ya warware, wurin ya yi laushi. Masana suna auna wannan da lokacin da walda ke ɗauka daga digiri 800 ta sauko 500. Ga ajin 690 ana son ya faɗa tsakanin daƙiƙa 5 zuwa wajen 20. Ƙasa da haka tauri, sama da haka laushi.

Sai haidurojin. Yana fitowa daga laima da mai da fenti da tsatsa, ya narke cikin walda, ya lallaɓa zuwa wurin da ya yi tauri. In ya tarar da tauri da jan da walda ke yi in tana hucewa, sai ya buɗe tsaga. Ba nan take yake yi ba. Sai ƙarfe ya yi sanyi, wani lokaci bayan awa kaɗan, wani lokaci bayan kwana biyu. Shi ya sa aikin da ya bar shago lafiya lau yake dawowa.

1. Gane ƙarfen da ke gabanka

Fara da tambaya: wace mota ce, wane sashe ne, an taɓa yi masa walda? Duba jikin ƙarfen ko akwai rubutu. S355 matsakaici ne, S500MC zuwa S700MC na shasi ne, S690QL na kiren da lobed (tirelar ɗaukar manyan injuna) ne, Hardox na bokitin katafila da cikin bodin tifa ne. Wasu motocin suna da tambari a shasi da ke hana walda da huda a leɓensa, wato gefensa na sama da na ƙasa da aka lanƙwasa. Ba ado ba ne.

Gwajin tartsatsi yana taimakawa amma yana da iyaka. Ƙarfe mai kabon da yawa tartsatsinsa gajere ne, yana fashewa da rassa birjik. Marar kabon da yawa nasa dogo ne, rassa kaɗan. To ƙarfen shasi na zamani kabon ɗinsa bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba, saboda haka tartsatsinsa kusan ɗaya ne da na ƙarfen ƙofa. Kada wannan ya ruɗe ka. Haɗa da magagari: in yana zamewa bai ci ba, ƙarfen ya sha horo. In kana shakka, ɗauke shi a matsayin mai ƙarfi. Asarar da za ka yi ita ce ɗan gas da ɗan lokaci.

Akwai waɗanda ba a yi musu walda ko an roƙe ka: ganyen sifirin, sandunan sitiyari, ƙugiyar kiren, sarƙar ɗaga kaya, ƙusoshi masu lamba 8.8 da 10.9. Ganyen sifirin kabon ɗinsa ya kai wajen 0.6, gefen walda a kansa gilashi yake komawa. Na san ana yi a bakin hanya don mota ta ƙarasa gari. Ta ƙarasa ɗin, a canza shi.

2. Shirya motar

A sauke kaya duka. A tokare shasi ta gaba da bayan tsagar har bakinta ya haɗu ba tare da an danne shi da ƙarfi ba. In ka matse shi da jak ka yi walda, ka kulle ja a cikin aikin tun kafin mota ta ɗauki ko buhun albasa ɗaya.

Cire kan batir duka biyu, ka zare filogin ƙwaƙwalwar mota. Maƙala wayar at, wato wadda ke mayar da wuta inji, a jikin shasi kusa da inda za ka yi aiki, a wurin da ka gurza ya yi fari, don kada wuta ta bi ta cikin boris ko wayoyi. Janye bututun iska da na dizal da wayoyin da ke bin cikin shasi. In tankin mai yana kusa, a sauke shi. Tankar fetur kuwa zance ne dabam, ba na wannan darasi ba.

3. Nemo ƙarshen tsaga ka buɗe ta

Abin da ido ke gani ba shi ne ƙarshenta ba. Gurza fenti da tsatsa ka bi ta, ka shafa kananzir, ka goge, ka shafa alli. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar zai fito ya zana maka layinta. Daga inda layin ya tsaya ƙara gaba kaɗan ka huda rami na milimita 5 ko 6. Wannan rami shi ke hana ta ci gaba da tafiya in zafi ya taɓa ta.

Sai ka gurza tsagar ta zama kwari mai buɗin wajen digiri 60, har ƙasa, ka bar ɗan baki siriri. Tsohuwar walda da wani ya lafta a kai, cire ta duka, ba a gini a kanta. In da gas aka yanka bakin, gurza milimita 1 zuwa 2 don cire ɓawon da ya yi tauri. Ka share aƙalla santimita 3 kowane gefe, ciki da waje, har ƙarfe ya yi fari. Giris da baƙin mai da suka taru a cikin shasi su ma haidurojin ne, a wanke, a bari ya bushe sarai, kananzir ɗin gwajin ma haka.

4. Dumama

Amfanin dumamawa shi ne rage saurin hucewa, don kada gefen ya yi tauri, kuma haidurojin ya samu lokacin fita. In kana da takardar masu ƙarfen, ita za ka bi. In babu, ga abin da nake bi da busasshen 7018 ko 11018: har zuwa milimita 10, ɗumin da zai kore laima ya isa, wajen digiri 50. Daga 10 zuwa 20, digiri 75 zuwa 100. Daga 20 zuwa 40, digiri 100 zuwa 150. Ƙarfen da ban san asalinsa ba, ko wurin da ƙarfe uku suka haɗu suna zuƙar zafi ta ko'ina, nakan kai shi 100 zuwa 150 ko da bai yi kauri ba.

Kada ka tsayar da wuta wuri ɗaya. Yawata ta santimita 8 zuwa 10 kowane gefe. Da farko za ka ga ƙarfen yana gumi. Yara sukan ce ruwa ne ke fitowa daga cikinsa, alhali tururin harshen wutar ne ke sauka kan sanyi. Ci gaba har ya bushe. Ka ɗauke wuta, ka ɗan jira zafin ya ratsa, sannan ka auna a tazarar santimita 7 da rabi daga kwarin, in da hali ta bayan ƙarfen. Bindigar auna zafi tana yin ƙarya a kan ƙarfen da aka gurza yana sheƙi, haska ta inda yake da duhu.

In ba ka da ma'auni, ga dabaru. Kyandir yana narkewa a wajen digiri 60. Ɗigon ruwa yana tafasa ya ɓace in an haura 100, in kuma ya dunƙule yana gudu a kan ƙarfen, ka kusa 200. Dalmar masu gyaran rediyo tana narkewa a wajen 185 zuwa 190. Duk waɗannan a gefe ake gwada su, nesa da kwarin, a goge wurin bayan nan. Ƙarfen da aka gurza kuma yana faɗa da launinsa: ruwan ƙasa-ƙasa mai haske wajen 220, shuɗi wajen 300. In ka ga shuɗi tun kafin ka fara walda, ka wuce gona da iri. In babu gas, kuma abin ƙarami ne da aka kwance daga mota, garwashin gawayi a kasko yana yi, sai dai ka riƙa juya shi.

Yanayin garinmu yana shiga lissafi. A bazara, ƙarfen da ya wuni a rana har hannu ba ya iya taɓa shi ya riga ya yi maka rabin aiki. Da sanyin Disamba da Janairu kuwa, ƙarfe yana kwana da sanyi, ga iskar hunturu tana kaɗawa. Kada ka fara irin wannan aiki da sassafe ba dumamawa, kuma ka kafa kwano ka tare iska. Fankar da ka kunna don zufa, juya ta bayanka, kada ta hura kan walda.

5. Saita wuta ka san yawan zafin da kake zubawa

7018 a DC, elektirod ne ke kan fosatif. Geji 12 yana son amfiya 70 zuwa 100, geji 10 yana son 100 zuwa 140. Gwada a guntun ƙarfe tukuna, musamman in janareta ne mai hawa da sauka.

Yawancin masu koyo suna ɗauka amfiya ce kawai zafi. Saurin hannu ma yana da tasiri kamarta. Lissafin shi ne: volt sau amfiya sau 60 sau 0.8, a raba da saurin tafiya na milimita a minti ɗaya, a sake rabawa da 1000. Abin da ya fito kilojul ne, wato ma'aunin yawan zafi, a kowace milimita. Misali volt 24, amfiya 120, kana cin milimita 150 a minti: 0.92 ke nan. Ka rage sauri zuwa 75 kana lilo hagu da dama don walda ta yi faɗi: ya zama 1.84. Ba ka taɓa inji ba, amma ka ninka zafin. A ƙarfe mai ƙarfi na milimita 8, ka tsaya wajen 1 ko ƙasa kaɗan. Mai kauri yana ɗaukar fiye da haka.

Ba wanda zai riƙe kalkuleta a ƙarƙashin tifa, don haka ga hanya mai sauƙi. Geji 10 mai tsawon santimita 35 yana ƙonewa cikin wajen minti ɗaya a wannan amfiya. Auna santimita 15 ka ja alli. Elektirod ɗaya ya kai ka wannan alama. In ya ƙare kana rabin hanya, zafi ya yi yawa. In ka wuce ta da nisa, walda ta fito siririya kamar ba ta kama ba, shi ma haɗari ne, don ƙaramar walda a kan ƙarfe mai kauri ita ce ta fi saurin hucewa.

6. Yi waldar

Ɗinkin riƙo shi ma walda ne, bayan dumamawa ake yinsa, kuma kada ya gaza santimita 5. Ɗan ɗigon nan da muka saba yi a ƙofa, a nan tushen tsaga ne.

Kada ka kyasta wuta a jikin shasi. Duk inda elektirod ya taɓa ya tashi, ya bar ɗan tabo mai tauri da ya huce cikin ƙiftawar ido. Kyasta a cikin kwarin ko a guntun ƙarfe na gefe. In kuskure ya sa ka taɓa, gurza wurin ya ɓace.

Layin farko da geji 12. Riƙe wutar gajere, kusan kana jan ɓawon elektirod a kan ƙarfe. 7018 ba ya son doguwar wuta, sai ya cika walda da ƙofofi. In za ka sake tayar da wanda ka kashe, ɓare ɗan gilashin da ya rufe bakinsa, ka kyasta gaba kaɗan, ka dawo baya ka haɗe, sannan ka wuce. A tsayen shasi daga ƙasa ake hawa sama, ba a gangarowa. Hawa yana tara zafi, shi ya sa na fi son geji 12 a nan har ƙarshe.

Cika kwarin da layuka sirara masu yawa, ba ɗaya mai faɗi ba. Lilon hannu kada ya wuce faɗin elektirod sau biyu da rabi. Wannan yana da riba biyu: kowane layi zafinsa kaɗan ne, kuma na sama yana sassauta taurin na ƙasa. Saboda haka ne a layukan rufewa nake fara na gefe da gefe, in ƙare da na tsakiya, ya zauna kan walda ba kan uwar ƙarfe ba. Zafinsa zai ratsa ya tausasa gefunan da na baya suka taurara.

Ƙarshen kowane layi, ɗan tsaya ka cike ramin kafin ka ɗaga hannu. In tsagar ta fita har bakin leɓe, manna guntun ƙarfe a wurin ka ƙarasa waldar a kansa, daga baya ka yanke shi ka gurza. Da ka gama gefe ɗaya, koma baya ka gurza gindin har ka tarar da walda mai tsabta, ka rufe da layi ɗaya ko biyu. Ramin da ka huda shi ma a buɗe shi kaɗan a cike.

7. Tsakanin layi da layi

Ɓare ɓawo, goge da burushi, duba. Sannan auna. Zafin kada ya sauka ƙasa da wanda ka dumama, kada kuma ya haura wajen 200. Hardox ma in ya wuce 250 taurin da aka saye shi dominsa ya fara tafiya, kuma ba ya dawowa. In dalma ta narke santimita kaɗan daga walda, ajiye hannu ka sha ruwa. A ƙarfe siriri wannan jiran shi ne rabin aikin, kuma a nan ne mai mota yake fara leƙowa yana duba agogo. Sauri ya haifi nawa. In kuma wuta ta ɗauke kana tsakiya, rufe aikin, in ta dawo ka sake dumamawa kafin ka ci gaba.

8. Bar shi ya huce a hankali

Ruwa haramun ne a nan. Ka ja kunnen yaran shago da yaron mota tun kafin ka fara, don akwai mai zuwa da buta da niyyar taimako. Lulluɓe wurin da bargon wuta, ko ka ɗaura kwano ka cika da busasshen yashi ko toka. Busasshe na ce, yashin da aka ɗebo daga bakin gulbi da laimarsa ya fi rashinsa muni. A ƙarfen da ya haura milimita 25, riƙe shi a wajen digiri 200 na awa 2 bayan gamawa yana ba haidurojin hanyar fita.

In zafi ya ja ƙarfen ya ɗan karkace, kada ka gasa shi ya yi ja don miƙarwa. Irin wannan ƙarfe a masana'anta a wajen digiri 600 aka sassauta shi, kuma jan da ido ke gani da rana tsaka ya riga ya wuce haka.

9. Duba, amma ba yau ba

In ya huce, gurza waldar ta yi daidai da fuskar ƙarfe, musamman inda faci zai zauna. Zanen giranda ya bi tsawon shasi, kada ya gitta shi. Duk inda wuta ta ci gefe ta bar ɗan kwari, a cike ko a gurza ya yi sumul, don daga irin nan gajiyar ƙarfe ke farawa.

Dubawar gaskiya sai bayan awa 48. Shafa kananzir ta baya, alli ta gaba, ka ba shi kamar minti 20. In akwai gwangwanin feshin nan na gano tsaga, mai ja da fari, ya fi. Ka fi zuba ido a gefen walda, ba tsakiyarta ba. In layi ya fito, ba a ɗora wata walda a kai, a gurza har ƙasa a koma mataki na 3, a ƙara dumamawa, a sake sabon ƙunshin elektirod.

Mai mota zai ce, "Malam, lodi na jirana, yau nake son ta tashi." Amsar da nake bayarwa ita ce, "Allah shi daɗe da ran Alhaji, kwana biyu a nan ya fi sati a dajin hanyar Gusau da kaya a kai." Wani ya yarda, wani ya ƙi. Wanda ya ƙi, ka faɗa masa gaban direbansa cewa ba a duba aikin ba, kuma ya dawo da ita bayan tafiyar farko.

10. Facin ƙarfafawa

Walda a shasi ba ta cika komawa ƙarfin asali ba, don haka ana ɗora faci. Amma facin da aka yi ba daidai ba ya fi tsagar farko illa. Abin da aka fi gani shi ne falle mai kusurwa huɗu, mai kaurin gaske, an zagaye shi da walda ta ko'ina har an gitta leɓen ƙasa. Wata biyu, shasi ya karye daidai inda facin ya ƙare.

Wannan ba a garejinmu kaɗai yake faruwa ba. Gadar King Street da ke Melbourne a Ostireliya, an buɗe ta a 1961, ta karye ranar 10 ga Yuli 1962, da sanyin safiya, lokacin da wata babbar mota ke wucewa da nauyin da bai wuce ƙa'ida ba. Binciken da aka yi ya nuna tsagar ta taso ne daga gefen waldar da aka gitta a ƙarshen fallayen da aka ƙara wa leɓen ƙasa. Ƙarfe ne mai ƙarfi, dumamawar ba ta wadatar ba, kuma tsagogin tun a wurin ƙira suka fara.

Saboda haka facin ya kasance irin ƙarfen shasin, mafi sauƙi a yanko daga mataccen shasi irinsa, kuma kaurinsa kada ya wuce na asali. A lanƙwasa shi ya bi siffar shasi. Ya zarce tsagar da nisa kowane gefe, ni nakan ba shi ninki biyu na tsayin shasin. Bakinsa biyu a fiƙe su a karkace, kada su tsaya a miƙe, don nauyi ya riƙa shiga a hankali. In walda za ka yi, ta bi tsawon mota a jikin tsayen shasi, ta tsaya kafin ƙarshen facin, kada ta gitta leɓe, kada ta hau kan lanƙwasa. Duk ƙa'idojin dumamawa da hucewa na sama suna nan a kanta.

Abin da na fi so dai shi ne ƙusa da noti masu lamba 10.9, domin ba su ƙara wa shasi wani yankin zafi. Ramukan a tsayen shasi za a yi su, nesa da leɓe, kuma da injin huda, ba da gas ko elektirod ba. A ɗaure su sosai, a sake bin su da sifana bayan lodin farko.